Baƙon da ke Kwana a Maƙogwaro: Lacca kan Ƙwayoyin Cutar Numfashi da Hanyoyin Kare Kai

 

  

Tun da na shigo zauren nan nake jin tari yana tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ni ma kuwa da nawa na zo. Lokacinsa ne. Hazo ya sauka, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, kowa a Sakkwato yana fama da hanci. To bari in fara da abin da zai ɗan tayar muku da hankali. Da za a bi mu ɗaya bayan ɗaya a shafo maƙogwaronmu da auduga a kai ɗakin gwaji, a cikin kowane mutum goma ko ashirin ba za a rasa ɗaya mai ɗauke da ƙwayar sanƙarau ba. Lafiyarsa lau. Ya ci tuwo jiya, yau ya yi sallar asuba a jam'i, bai san yana da baƙo ba. Yaranmu ƙanana kuwa, da yawansu suna yawo da ƙwayar ciwon huhu a cikin hanci. Ashe cutar ba daga wata uwa duniya take taso mana ba, tare muke kwana da ita. Abin tambaya shi ne, me ke buɗe mata ƙofa ta tashi daga maƙogwaro ta faɗa jini, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa?

Da Hausa komai ƙwayar cuta muke ce masa, amma a asibiti mun raba su. Akwai bairos, irin masu kawo mura da ƙyanda da korona. Akwai kuma bakteriya, waɗanda su ne zancenmu na yau. Bakteriya halitta ce mai rai, tana ci, tana hayayyafa ta hanyar rabewa biyu, kuma sai an jera kamar guda dubu kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Maganin da muke kira antibayotik ita yake kashewa, ba ruwansa da bairos. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa idan mun iso shagon kemis.

Allah bai bar hanyar numfashi ba tsaro ba. Gashin hanci yana tace ƙura. Majinar da muke ƙyama tarko ce, duk abin da ya shigo sai ya maƙale a cikinta. A ƙarƙashinta akwai wasu 'yan gasu da ido ba ya gani, sun shimfiɗu tun daga hanci har cikin bututun huhu, dare da rana suna kaɗawa suna turo majinar zuwa maƙogwaro kamar yadda ake share tsakar gida a nufi bakin ƙofa. Mu haɗiye ba mu sani ba, ruwan ciki ya ƙona abin da ke ciki. Wadda ta tsallake duk wannan ta isa can ƙuryar huhu, sai ta tarar da wasu ƙwayoyin jini farare suna gadi. Ni dogarai nake kiransu. Aikinsu su cafke baƙo su haɗiye shi.

Yanzu ku duba abin da yanayinmu ke yi wa wannan tsari. Daga Disamba iskar hunturu take busar da fatar cikin hanci har ta tsattsage, shi ya sa yara ke haɓo. Ƙura ta cika majina, 'yan gasun nan su gaji. Kafin a farfaɗo bazara ta shigo, zafi ya haura maki 40 a Maris da Afrilu, iska ba ɗigon laima. Katangar da ta raba ƙwayar cuta da jini ta zama rariya. Mutanenmu suna cewa zafi ke kawo sanƙarau, kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba: zafi da bushewa su ke buɗe ƙofar, amma mai shigowar ƙwaya ce da ta fito daga bakin wani ta tari, ko atishawa, ko numfashin kwana a ɗaki ɗaya. Wani likitan Ingila, Brian Greenwood, ya shafe shekarun 1970 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana bin wannan cuta. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa masu kamuwa suna ƙaruwa idan iska ta bushe, su ragu da zarar ruwan sama ya sauka, alhali ƙwayar tana nan tana yawo a maƙogwaron mutane har da damina. Tsofaffinmu sun riga su lura: ruwan farko na zuba, sanƙarau ya naɗe tabarmarsa.

Ƙwayar sanƙarau tana da wata dabara. Tana sanye da riga mai santsi, kamar an tsoma ta a miyar karkashi. Dogari ya kai hannu, ta sulluɓe. Da ta shiga jini sai ta hayayyafa, ta haura zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar baya, wurin ya kumbura ya yi mugunya. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa ya ba kumburi wuri. Daga nan ne ciwon kai mai tsanani, da amai, da ƙin haske, da sanƙarewar wuyan da ta ba cutar sunanta. Jariri ba lallai wuyansa ya sanƙare ba. Shi maɗigarsa ce ke tasowa, ya ƙi nono, ya riƙa wani irin kuka mai tsini. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe rabin waɗanda ta kama, wani cikin kwana ɗaya. Ko an yi magani, kusan ɗaya cikin goma yakan rasu, kuma cikin waɗanda suka tashi, kamar ɗaya cikin biyar yakan fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko raunin ƙwaƙwalwa.

Rigar nan launi-launi ce, an sa musu haruffa: A, B, C, W, X, Y. Allurar rigakafi ba komai take yi ba illa ta nuna wa dogaran jiki samfurin rigar tun kafin mai ita ya iso, domin ran da ya zo a gane shi tun daga bakin zaure. Sai dai wanda aka nuna wa rigar A bai san mai rigar C ba, kuma tarihin sanƙarau a ƙasar nan kusan duk a kan wannan ya ta'allaƙa.

Muna zaune ne a tsakiyar wani yanki da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ƙasashe 26, wanda likitan sojan Faransa Lapeyssonnie ya zana iyakarsa a 1963. Shekara da shekaru mai rigar A ce ke yi mana ɓarna. Manya a nan sun tuna 1996: a Nijeriya kaɗai sama da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. A Disamban 2010 aka fito da allurar MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi domin Afirka a kan farashin da bai kai rabin dala ba. Aka fara da Burkina Faso da Mali da Nijar, ta iso jihohinmu na Arewa daga 2011. Cikin 'yan shekaru mai rigar A ta yi ɓatan dabo. Mu ma'aikatan lafiya har mun fara sakin jiki.

Sai ga 2013. A ƙauyukan jihar nan tamu aka fara ganin wani sabon nau'i mai rigar C wanda ba a san shi ba a da. Shekara ta zagayo ya ɓulla a Kabi. A 2015 ya afka wa Nijar har cikin Yamai, ya kama sama da mutum 8,000. A ƙarshen 2016 ya tashi daga Zurmi ta jihar Zamfara, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da maƙwabta. Kafin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ce annobar ta lafa a Yunin 2017, an lissafa sama da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, an rasa fiye da 1,100, akasarinsu yara da matasa.

A bazarar nan ta 2017 aka kawo mini wani yaro, bai wuce shekara tara ba. Mahaifinsa ne ya saɓo shi a kafaɗa, uwar na biye da buta da zane. Na ce, "Inna, me ya same shi?" Ta ce, "Masassara ta, likita, tun shekaranjiya." Na sa hannu a ƙeyarsa in ɗago kansa, sai kafaɗunsa suka taso gaba ɗaya kamar an ɗaga katako. A bayan wuyansa ga sawun tsaga sabuwa, an shafa wani baƙin magani. Ran farko an sayo masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Rana ta biyu aka kai shi wurin wanzami, aka yi rubutu aka ba shi ya sha. Sai a ta uku da ya daina gane mutane aka nemi mota. Muka ɗebi ruwan bayansa, wanda ya kamata ya fito garau kamar ruwan randa, ya fito fari kamar tsararon kamu. Muka sa masa allurar seftiriyazon, Allah ya yi da sauran kwanansa. Ranar sallama uwar ta tsaya a bayansa ta kira sunansa sau uku, bai waiwayo ba. Har yau idan na tuna, ba na ganin laifin iyayen, sun yi iyakar abin da suka sani. Amma kwana biyun nan su suka tafi da kunnuwansa.

Yanzu an samu allurar da ta haɗa riguna biyar, A da C da W da X da Y, ana kiranta Men5CV, kuma Nijeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da ita, a Maris na 2024. Alhazan cikinmu ma sun san ba a shiga Saudiyya aikin Hajji sai da shaidar allurar sanƙarau. An tsaurara dokar ne bayan mai rigar W ta ɓarke a Hajjin 2000 ta bi alhazai zuwa ƙasashensu. Ban taɓa jin maniyyacin da ya fasa tafiya saboda wannan allura ba.

Ita kuwa ƙwayar mashaƙo ba ta damu da shiga jini ba. A maƙogwaro take zama ta riƙa sakin dafi. Dafin ya kashe naman wurin, wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a kai, wuya ya kumbura kamar na bijimi, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Dafin kuma ya bi jini ya taɓa zuciya da jijiyoyi, shi ya sa za ka ga yaro ya fara samun sauƙi, bayan mako biyu ya yanke jiki ya faɗi. Tun ƙarshen 2022 wannan cuta ta dawo Arewa da ƙarfinta, Kano ta fi kowa jin jiki, kuma mafi yawan yaran da ta kama ba su cika allurarsu ba. Ina roƙon iyayenmu wanzamai, idan kuka leƙa bakin yaro kuka ga farar fatar nan, kada aska ta taɓa ta, ba hakin wuya ba ne. Kankare ta jini take jawowa, ɓallinta kuma yana iya toshe hanyar iska. Asibiti za a nufa, can ne ake da maganin karya dafin. Tarin shiƙa ma da dafi yake aiki, shi 'yan gasun nan masu shara yake kashewa, majina ta taru ba mai fitar da ita, yaro ya yi ta tari har ya shiɗe.

Wadda ta fi su kisa duka ba ta da suna mai ban tsoro, ba a kuma shelarta a rediyo. Ciwon huhu ne, wanda wasu ke ce wa namoniya, iyaye mata su ce haƙarƙari ko sanyi ya kama yaro. A ƙiyasin UNICEF, a 2018 kaɗai ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu a shekarar. Sau da yawa mura ko ƙyanda ce ke share fage, sannan ƙwayar da ke zaune a hanci ta gangara, 'yan jakunkunan iska na huhu su cika da ruwa da mugunya. Gane shi ba ya buƙatar na'ura. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, a duba agogon waya, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ɗan wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50, ya yi yawa. Ɗan shekara 1 zuwa 5, idan ya kai 40. Idan kuma ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, ko ya kasa shan nono, wannan ba a kwana da shi a gida. Wanda aka kai da wuri, ƙwayar amoksisilin da ake narkawa a cokali takan wadatar.

Tarin fuka shi ne mai haƙurin cikinsu. Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayarsa a Balin ta Jamus. Ita idan dogari ya haɗiye ta ba ta narkewa, sai ta mayar da cikinsa ɗakin kwana. Jiki ya gina katanga ya kewaye wurin, ta yi lamo shekara biyar, goma, ashirin. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar ta. Ran da yunwa, ko ciwon suga, ko ƙanjamau, ko tsufa ya raunana katangar, ta fito ta fara cin huhu. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Duk tarin da ya kai mako biyu, balle da rama da zufan dare ko jini a kaki, a je a ba da kaki a auna da na'urar GeneXpert. Gwajin da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Maganin wata shida ne, saboda ƙwayar a hankali take girma, a hankali take mutuwa. Ɗaya daga cikin magungunan yana mayar da fitsari ja kamar ruwan goro, na sha ganin wanda ya tsorata ya watsar, alhali alamar maganin ce kawai. Mafi haɗari shi ne mai jin sauƙi a wata na biyu ya ce ya warke. Raunanan ƙwayoyin ne suka mutu, masu taurin kai suna nan, kuma idan suka dawo maganin farko ba ya jin su.

Ga mu a shagon kemis. Mutum ya tashi da mura, ya miƙa kuɗi ya ce a haɗa masa, a ƙulla masa kafso huɗu a leda. Mura bairos ce, kafson bai taɓa ta ba. Waɗanda ya taɓa su ne baƙin nan da ke kwance a maƙogwaro: bai kai ya kashe su ba, ya dai koya musu yadda za su jure masa. Ranar da ɗayansu ya faɗa huhun jaririn gidan, sai a ba da maganin ya zama kamar an sha ruwa.

Na zo kan abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. A binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017, yara 3 kacal cikin 100 ne a jihar Sakkwato suka samu allurar Penta sau ukun da ake buƙata. Mu ne na ƙarshe a Nijeriya a binciken. An yi aiki tun daga lokacin, an kuma samu ci gaba, amma har yanzu da sauran tafiya mai nisa. Penta ɗin nan ita ke kare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da wata ƙwayar da ke kawo ciwon huhu da sanƙarau a jarirai, ban da sandarewar haƙora da ciwon hanta. Ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14, tare da PCV ta ciwon huhu. BCG ta tarin fuka ana haihuwa ake yi, ta ƙyanda da ta sanƙarau a wata 9.

Ba zan tsaya nan in ce mutanenmu jahilci ke damunsu ba. Zargin da ake yi wa allura yana da tushe. A tsakiyar annobar 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kamfanin bai amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan kusa da gida. An yi wa jariri Penta ta farko, cinya ta kumbura, jiki ya yi zafi, ya kwana yana tsala kuka. Da safe maigida ya ce, "Lafiyayyen yaro kin kai an sa masa ciwo, kada ki sake." A nan laifinmu ne mu ma'aikata, da ba mu ɗauki minti ɗaya mun gaya wa uwar cewa haka za a yi ba, zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ne, alamar dogarai sun karɓi saƙo. Wani lokacin ma ta yi tafiyar awa guda ta tarar da ɗakin shan magani a kulle. Gyaran wannan yana wuyan hukuma.

Ta fuskar addini kuwa, malamai na gabana, ba zan yi shisshigi ba. Sun fi ni sanin cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma rufe baki yayin atishawa sunna ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina garin nan, da hannunsa ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Mai alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya sa sarakunan Arewa a gaba a yaƙi da shan inna, har aka wayi gari a Agustan 2020 an tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar daji ta cutar. Hanyar da aka bi aka shiga gida-gida a lokacin tana nan, ba ta toshe ba.

Saura iska, wadda ba a saye. Ku shiga ɗakunanmu a Mabera ko Gidan Igwai ko cikin tsohon gari da dare a wannan wata. An toshe taga da kwali da tsumma, an kunna gawayi a kasko, ga maganin sauro na hayaƙi, ga turaren wuta, mutum takwas a kwance har da mai jego. Numfashin da wannan ya fitar shi wancan ke shaƙa har asuba, hayaƙin kuma yana kashe masu sharar nan. A bar taga ɗaya a buɗe, a ƙara bargo. A kai murhu inda hayaƙi zai tashi sama, kuma mai girki ta sauke goyo kafin ta durƙusa hura wuta. Jariri ya sha nono zalla wata shida, domin ta cikinsa uwa ke ba shi aron dogaranta. Mai tari ya kare bakinsa da gefen rawani ko mayafi, a wanke hannu da sabulu, a daina tofar da kaki inda yara ke rarrafe.

Roƙona na musamman ga masu unguwanni da alarammomi shi ne zaurukan almajirai, haka ma ɗakunan kwanan ɗalibai. Na taɓa shiga wani zaure da dare na kasa samun inda zan sa ƙafa, ƙofa ɗaya, ba taga ko ɗaya. Idan zafi ya shigo, a raba yaran, wasu su kwana a fili cikin gidan sauro. Idan ɗaya ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai yana ƙin a taɓa wuyansa, a kai shi asibiti mafi kusa a daren, ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kada a jira a aika wa iyayensa a ƙauye. Sannan mai unguwa ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, domin da rahoton mutum ɗaya ko biyun farko ake auna ruwan baya a gane wace riga ce ta shigo, a nemo allurar da ta dace da ita kafin ta gama unguwa.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, kuma an miƙo mini takardun tambayoyi daga ɓangaren mata. Ta farko tana tambaya ko yaron da ya wuce mako 14 ba a yi masa ko ɗaya ba ya makara. Hajiya, bai makara ba. Ki kai shi ranar allura mai zuwa, za a buɗe masa kati a fara daga ta farko.